Ɗan Baya Ba Ya Wuce Sa

Yanzu a mota ake kai shanu mayanka. A ɗaure su kwance, ƙafafu a haɗe, wuya a lanƙwashe, a sauke su kamar buhunan masara. Rannan ina tsaye bakin titi irin motar nan ta wuce, wani jan bijimi ya dube ni ta tsakanin ƙarafa, ni ma na dube shi. Ko huci bai yi ba. Bayan motar sai ga samari sun biyo titi suna sassarfa, da takalma masu laushi da waya a kunne, wai motsa jiki suke yi. Babu abin da ke bin su, babu abin da suke bi. Ban ce laifi ba ne. Na dai koma na zauna, don ƙafata ta hagu ba ta son tsayuwa. Tun daga ranar nan, abin da na daɗe da binnewa yake ta taso mini.

A lokacin da nake magana Turawa ba su tafi ba. Tudun Wada ba ta cika haka ba. Gidajen ƙasa ne da dangar zana, rufin kwano sai jefi-jefi, tsakanin gida da gida akwai gonar rogo da akuyoyi a turke. Yawancinmu baƙi ne waɗanda birni bai ɗauka ba, Kanawa da Katsinawa da Nufawa da Barebari, kowa da abin da ya kawo shi. Da asuba kiran salla za ka fara ji, sai kukan jirgi daga tasha, sai taɓarya gida-gida, sai wasa wuƙa a zaurenmu. Gidan mahauta na tashi. Warin kitse yana jikin bango, yana jikin tufa, yana cikin gashin kai, ruwa ba ya fitar da shi. Mutane suna cin naman da muka yanka, amma ba su cika son zama tabarma ɗaya da mu ba, kuma ɗan mahauci mahauci ne har ya mutu. Ba mu yi kuka da haka ba. Haka muka tarar.

Sa ba ya zuwa mayanka da kansa. Daga kara, inda Fulani da dillalai ke tsayar da shanu, sai an jawo shi ta cikin gari. Mai sanyin hali kowa ma ya kora shi. Amma akwai rahaji, jan nan mai dogon ƙaho, wanda bai taɓa ganin bango ba sai ranar da aka kawo shi. Shi igiya biyu ake sa masa. Ɗaya a ƙaho, mai riƙe da ita shi ne ɗan gaba. Ɗaya a ƙafar baya, mai riƙe da ita ɗan baya. In bijimin ya taso wa ɗan gaba, ɗan baya ya fizge ƙafar ya kai shi ƙasa. In ya juya kan ɗan baya, ɗan gaba ya karkato masa kai. In kuwa ya zura da gudu, to duk ku ukun kun zura. Mutum ɗaya ba ya tsayar da rahaji da ƙarfin damtse. Sai dai ya bi shi, igiya ba ta saki ba, ba ta kuma ɗame ba, idonsa a kan kofato, har ƙafar nan ta tashi sama ba nauyi a kanta, sannan ya fizga. Wani lokaci sai an ci rabin gari da gudu kafin wannan damar ta zo. Ni ɗan gaba ne. Ba na ganin abin da ke bayana, sai dai in ji hucinsa a gadon bayana. Raina yana hannun mutumin da ba na gani.

Wanda ya koya mana maigidanmu ne, ƙanen ubana, kowa Baba yake ce masa. Haƙarƙarinsa na dama a lotse yake, aikin ƙaho. Ba ya yabo. In ka yi daidai ya yi shiru, shi ne ladanka. Da rani, bayan sallar asuba, yakan kora mu cikin yashin rafin Kubanni mu yi ta gudu har cinya ta daina jin kanta. Ya cika mana baki da ruwa kafin mu tashi, in mun dawo kowa ya tofar a gabansa, wanda ya haɗiye nasa ya sake komawa, don ya ce mai buɗe baki yana haki ba ya daɗewa a bayan sa. Muna jan gungumen kuka da igiyar rama har tafin hannu ya fashe, a shafa kitse, gobe a koma. Da yamma mu tsoma ƙafa cikin ruwan bagaruwa irin na majema, tafin ya yi tauri kamar ƙirgi, ƙaya ta taka ta karye. Abincinmu romon ƙafar sa ne da ɓargo da fura mai kauri. Ba wanda ya kira wannan da sunan wasa ko motsa jiki. Shiri ne don kada a mutu.

'Yan baya kuwa horonsu daban ne. Baba yana da wani tsohon jaki mai saurin tsiya. Sai ya ɗaura masa igiya a ƙafa, ya miƙa wa mai koyo, ya hau jakin da bulalar fata a hannu. Jaki ya yi sauri, ka yi sauri. Ya rage, ka rage. Da zarar ka matso har kafaɗarka ta zo daidai da gindin jakin, bulala ta sauka a ƙwaurinka, ba gargaɗi. Magana ɗaya yake maimaitawa, kullum ita ce, ba ya ƙara mata komai: “Ɗan baya ba ya wuce sa.” Ya ce in ka wuce, igiya ta mutu, in igiya ta mutu ɗan gaba ya mutu. Ya ce ba kanka yake koya wa ba, ƙafarka yake koya wa, don ranar tsoro kai ba ya aiki. Akwai waɗanda suka yi shekara da shekaru ƙwaurinsu bai rabu da shatar bulala ba.

Nawa ɗan bayan Zalɓe ake ce masa, saboda tsawon ƙafa da ƙarancin nama. Tare muka tashi, ubansa ya rasu yana ƙarami, Baba ya riƙe shi. Ban taɓa ganin mai gudu irinsa ba, kuma na ga mutane. Ba ya taka ƙasa da ƙarfi, ba ka jin sa. Bulalar Baba ta daina samunsa tun muna ƙanana. In na san shi ne a bayana, ko wane irin rahaji aka ba mu ba na waiwaye. Mata su kwashe tallarsu, yara su haye katanga, masu kalangu su biyo mu suna kiɗa, ni dai ina gudu ina jira, sai in ji ƙasa ta girgiza a bayana. Na san ya fizga ke nan.

Amma yana da aibi ɗaya, kuma a gidanmu babban aibi ne. Ba ya iya wuƙa. In aka kwantar da sa aka yanka, sai ya kau da kai. In aka fasa ciki warin tumbi ya taso, sai ya koma bayan danga ya yi amai. An zage shi, an doke shi, an yi masa rubutu ya sha, ba abin da ya sake. 'Yan gidanmu suna ce masa Malam Zalɓe mai azumin jini. Yana dariya, amma ni da muke kwana ɗaki ɗaya na san abin yana cin sa. Igiya aikin ƙuruciya ce. Ranar da gwiwa ta gaji sai ka koma wuƙa, ka yi fiɗa, ka kafa teburinka a kasuwa, ka yi aure. Wanda ba ya wuƙa ba inda zai koma. Ya taɓa ce mini, muna wanke igiya a bakin rafi, shi bai ga kansa da furfura a garin nan ba. Na ce ya bar zancen banza. 

Akwai wani Ibo mai shagon kayan keke a bakin hanyar da muke bi, kowa Masta yake ce masa. Mutum ne mai fara'a, Hausarsa ta nuna, yana son wasanni kamar ransa. Duk ranar da muka biyo da rahaji, maimakon ya rufe shago kamar kowa, sai ya hau benci yana kallo. Wata rana ya zo har zaurenmu, ya tuɓe takalmi, ya gaida Baba yadda ya kamata. Ya ce akwai tseren da ake yi duk shekara a babban fili, sojoji da 'yan makarantar Kongo da ma'aikatan jirgi duk suna shiga, kuma an ba 'yan gari dama. Ya ce wanda ya zo na ɗaya a dogon gudu ana tafiya da shi Kaduna, kuma wanda ya je can ba ya dawowa hannu sake, ko ɗan sanda ko aikin jirgi sai an ba shi, don kowa yana son mai gudu a cikin mutanensa. Na ɗaya kaɗai ake ɗauka. Ya roƙi Baba ya bar Zalɓe ya shiga.

Baba ya ci gaba da wasa wuƙarsa. Can ya ce, “Masta, me za su bi a filin?”

“Ba abin da za su bi, Baba. Gudu ne kawai.”

“To me zai bi su?”

Masta ya yi dariya ya ce ba komai. Baba ya ce shi bai taɓa jin mutum da hankalinsa ya yi gudu ba abin da ya kore shi ba, amma tunda yaron nan ba shi da rabo a wuƙa, ya je ya gwada. Na dubi Zalɓe. Kansa na ƙasa.

Muka shirya shi yadda muka sani. Baba ya ƙara masa yashi, ya ƙara masa jaki, ya ware masa ɓargo mafi kyau. Masta ya kawo masa farin takalmin roba, Zalɓe ya sa ya yi taku kaɗan ya cire, ya ce kamar an ɗaure masa ƙafa cikin tukunya. Aka bar shi da tafinsa. Masta ya auna shi da agogo a hanyar Dutsen Abba, yana kan keke Zalɓe na bin sa, ya dawo yana rantsuwa da Allahnsa cewa ba mai kama yaron nan a lardin nan. Ba wanda ya lura cewa duk awon nan a bayan keke aka yi shi. Mu ba mu ga abin lura ba. A wurinmu haka gudu yake, wani abu a gaba, kai a baya.

Ranar tsere duk gidanmu muka tafi, har da mai kalangunmu, aka hana shi shiga, ya tsaya bayan shinge yana kiɗa. Ban taɓa ganin fili irin wannan ba. An share ciyawa, an ja layuka da farar ƙasa, Turawa da matansu na zaune a rumfa, manyan gari a gefe. Masu gudu suka jeru da fararen singileti, Zalɓe a ƙarshe da gajeren wandon da Masta ya ba shi da laya a damtse. Wasu 'yan makaranta suna toshe hanci suna dariya. Aka harba bindiga.

Wani dogon ɗan makaranta ya fita gaba, Zalɓe ya manne masa. Suka zaga, suka sake zagawa. Ɗan makarantar ya fara rage gudu, Zalɓe ya rage. Sai wani gajeren soja mai faɗin ƙirji ya wuce su, Zalɓe ya saki ɗan makaranta ya kama soja. Daga nan sauran suka zama tarihi, su biyu suka yi musu nisa. Ban riƙe ko zagaye nawa ba ne. Na dai ga sojan ya buɗe baki, kansa ya fara lilo, ƙafarsa tana faɗuwa da nauyi. Zalɓe bakinsa a rufe, kamar yanzu ya fara. Aka buga ƙararrawar zagayen ƙarshe. Masta ya hau kan shinge yana ihu, mu ma muka ɗauka, wuce, wuce, wuce. Fili duka ya ɗauka, har waɗanda suka toshe hanci. Da suka zo ta gabanmu na gan shi da kyau. Idonsa na kan diddigen sojan. Hannunsa na dama yana ƙasa, a ɗan miƙe, yatsu a dunƙule, babu komai a ciki. Tazarar da ke tsakaninsu tsawon igiya ce, ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Na waiwayi Baba. Shi kaɗai ne bai yi ihu ba. Ya riga ya gane.

Haka suka ƙetare layi. Sojan ya zube a ciyawa, aka yi ta yi masa fifita. Zalɓe ya tsaya a kansa yana dube-dube, kamar wanda aka tasa daga barci. Da sojan ya farfaɗo, mutumin kirki ne, ya kama hannun Zalɓe ya ce da Hausarsa ta bariki, “Ɗan'uwa, me ya sa ka ƙyale ni? Ai tuni na ƙare.”

Zalɓe ya ce, “Ina jiran ƙafarka ta tashi.”

Sojan bai gane ba. Mu mun gane. Aka tafi da soja Kaduna, aka ba Zalɓe farar tasa mai jan baki. A hanyar gida mai kalangu ya rataye gangarsa. Washegari aka fara. A kara, a mayanka, a kasuwa, sunansa ya koma ɗan rakiya. Dillalai suna tambayarsa ko ya raka sojan har gida lafiya. Wani ya ce a ba shi tukuici, ya iya biyayya. Tasar nan Inna matar Baba ta ɗauka tana zuba wa kaji ruwa.

Masta bai haƙura ba. Ya ce baɗi ma akwai tsere, abu ɗaya ya rage a koya wa Zalɓe. Duk ranar Lahadi bayan ya dawo coci sai su fita bayan gari, shi a kan keke, Zalɓe a baya, in ya busa usur Zalɓe ya wuce shi. Da farko abin ya ƙi. Zalɓe ya gaya mini in ya zo daidai da tayar baya sai ƙwaurinsa ya ɗauki zafi, ƙafa ta ja birki da kanta, alhali ba bulala ba Baba. Amma mutum ne mai naci, kuma ba shi da wata ƙofa. Damina ta wuce, kaka ta zo, ya fara wucewa. Ya dawo gida yana murna kamar yaro, ya ce ashe in ka wuce iska daban take, ba ƙura, ba komai a gabanka sai hanya. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

Baba ya kira shi zaure, ina wurin. Ya ce masa ya zaɓi ɗaya, ko igiya ko fili. Ya ce, “Ƙafar nan abu ɗaya za ta riƙe. In ka koya mata wucewa, za ta wuce ranar da ba ka aike ta ba.” Zalɓe ya ce ya san bambancin keke da sa. Ya ce in ya bar igiya yanzu me zai ci kafin ranar tsere, kuma wa zai bi bayana? Gaskiya ne, ba mu da kamarsa, kuma shanun kaka sun fara shigowa da ƙarfinsu. Baba ya juyo ya tambaye ni ko na yarda. Na ce tun muna yara shi ne a bayana, ban san wani ba. Baba ya ce to, ya tashi ya shiga gida.

Saura kaɗan a yi tsere aka ba mu wani rahaji da aka sayo don sunan ɗan wani attajiri. Da hantsi ne, ranar kasuwa. Tun daga kara ya nuna hali, ya watsa dillalai, ya karya turke. Muna hawa doguwar hanyar nan da ta miƙe ta gaban shagon Masta ya zura. Na zura. Hanyar a buɗe take, ba lungu, ba kwana, mutane sun jeru gefe da gefe a kan katanga da benci. Kalangu na tashi. Kuma tun bayan tseren nan mutanen gari sun samu abin tsokana, duk inda suka ga Zalɓe sai su ce wuce. Ranar ma suka ɗauka, da dariya, ba da mugunta ba. Wuce, ɗan rakiya, wuce. Ina gudu ina jiran ƙasa ta girgiza. Hucin ya matso. Ina jira. Sai na ji abu ya shiga cinyata ta baya kamar an soka mini taɓarya, na tashi sama, na ga rufin gidaje, na faɗo. Daga ƙasa, fuskata cikin turɓaya, na ga Zalɓe ya wuce bijimin, ya wuce ni, igiya na jan ƙasa a bayansa. Gudu mai kyau yake yi, kai a sama. Ya yi nisa kafin ya tsaya. Da ya juyo na ga fuskarsa, irin ta ranar tsere ce, ta wanda aka tasa daga barci.

Mahauta suka taru da sanduna da igiyoyi suka kayar da bijimin. Masta ne ya ɗaure mini cinya da rigarsa, yana kuka yana magana da yarensu, aka ɗauke ni a kan ƙyauren shagonsa zuwa asibiti. Na daɗe a kwance. Ƙafar ba a yanke ta ba, amma jijiya ta tafi, ta ƙanƙance, ta zama abin ja. Zalɓe bai zo ba. An ce kullum yana zuwa bakin ƙofar asibitin ya tsaya, ya koma. Ba wanda ya doke shi, ba wanda ya kore shi. Baba ma bai ce masa komai ba, kuma shirun nan ba irin na lada ba ne. Ranar tsere Masta ya neme shi ko'ina bai gan shi ba. An ce an ga ya hau jirgin kudu da asuba, ba kaya a hannunsa. Wani ɗan makaranta ne ya ci tseren shekarar, aka tafi da shi.

Ni na koma wuƙa tun ban kai shekarunta ba. Na kafa tukubar tsire a bakin titi, a zaune na yi rayuwata. Baba bai sake hawa jakin nan ba, bai sake koya wa kowa igiya ba, ya ce ya gama. Bayan shekaru rigima ta tashi a ƙasa, Masta ya rufe shago ya tafi garinsu, ban sake jin labarinsa ba. Yashin Kubanni masu gini suka kwashe, abin da ya rage leda ce da baƙin ruwa. Inda muke jan gungume gidaje ne yanzu. 'Ya'yan mahauta suna tura nama a baro da babur, ba wanda ya san yadda ake ɗaura igiya a ƙafar sa ba tare da ya sha harbi ba, kuma ba su da bukatar sani. Na ga ana nuna masu tsere a talabijin, baƙaƙe sirara irin Zalɓe, ana rataya musu zinariya, ana ɗaga musu tuta. Nakan kalli ƙafafunsu. Ban ga wanda ya fi shi ba. Wannan magana ba ta da amfani ga kowa, ba mai shaida sai ni.

Zalɓe ya dawo da furfura. Wani direba ya tsince shi a mahaɗar Kwangila yana tambayar gidan mahautan da aka daɗe da rushewa, ya kawo shi tukubata. Ya rame har ya fi da, yana tari. Ya yi dako a kudu, ya yi gadi, bai yi aure ba, bai sake gudu ba ko na ruwan sama. Ya tsuguna ya gaishe ni kamar baƙo. Na ce masa ya tashi, akwai ɗaki a zaurena. Ba mu yi zancen ranar nan ba, har ya mutu ba mu yi ba. Ba abin da zancen zai gyara.

Amma duk lokacin da za mu masallaci sai ya bari in fita, sannan ya biyo ni. Ina jan ƙafa, yana rage tafiya daidai da ni. In na tsaya hutawa ya tsaya. Tazarar nan dai ce, tsawon igiya. Mutane suna ganin tsofaffi biyu, ɗaya gurgu ɗaya mai tari, ba su san abin da suke gani ba. Wata rana abin ya ishe ni, na juya na ce, “Kai Zalɓe, zo nan gefena mana, mu tafi kamar mutane.”

Ya ce, “Bari dai. Daga nan ina ganin ƙafarka.”

Bai cika shekara ba a wurina. Da safe na kai masa koko na tarar ya tafi. Aka yi masa wanka, aka sallace shi a ƙofar gida, samarin unguwa suka ɗauki makara. Ka san yadda ake tafiya da gawa, da sauri ake yi. Na bi su da sandata. Na so in riƙe tazarar nan ko sau ɗaya, in biya shi, ƙafa ta ƙi. Makara ta yi gaba, ta shiga cikin motoci, ta yi kwana, na daina ganinta. Ko da na isa maƙabarta an fara zuba ƙasa. Karo na biyu ke nan da ya shiga gabana.

Yanzu ni kaɗai nake zuwa masallaci. In na ji taku a bayana ba na waiwayawa. Na san ba na ɗan bayana ba ne, zai wuce.